Matashin saƙar leshi daga soson da ake yarwa tsakanin Assamaka da Arlit

Manyan motocin da ke tasowa daga Tamanrasat, su biyo In Gezzam, su tsaya a ofishin duwan na Assamaka, ba taliya da dabino da madarar gari kaɗai suke ɗaukowa ba. A cikin lodin akan samu firigo, da talabijin, da allunan sola, da batura, kuma kowannensu yana zuwa ne a naɗe cikin soso don kada gargadar hanya ta fasa shi. Da an sauke kaya a Arlit, bayan tafiyar kilomita kusan 200 cikin rairayi, sai a yaye soson a watsar. Iska ta kwashe wani ta rataye a jikin ƙaya, awaki su tauna wani, saura a banka masa wuta. Alhali akwai nau'i guda a cikin wannan soso wanda masu saƙar leshi da hannu a Turai da Amurka suke zuba kuɗinsu su saya don yin matashin aiki.

Leshi dai ba baƙo ba ne ga matan Arlit, Akokan ko Agadas, domin ba a haɗa lefe babu shi. Sai dai wanda ake gani a kasuwa aikin inji ne, daga Sin, ko Koriya, ko garin Lustenau na ƙasar Ostiriya, wanda tun shekarun 1960 yake sayar wa Najeriya da maƙwabtanta. Kafin inji, da hannu ake yin leshi, kuma ɗaya daga cikin manyan hanyoyinsa biyu ita ce wadda Faransawa ke kira dentelle aux fuseaux. Kalmar fuseau mazari take nufi, shi ya sa za a iya kiran aikin leshin mazari. Ba kwarashi ba ne, ba kuma ɗinkin allura irin na hula ba ne. Ana naɗe zare ne a kan wasu ƴan sanduna masu tsawon santimita 10 zuwa 12, a rataya su bibbiyu a jikin allurai masu kai irin na teloli, waɗanda aka kafa a kan zanen da aka huda a kati mai tauri. Motsi biyu ne kawai a cikin aikin: a ƙetara zare bisa zare, a murɗa. Bayan kowane ƴan motsi sai a kafa sabuwar allura ta riƙe abin da aka saƙa. Mai koyo takan fara da mazarai 12 zuwa 24, gwanaye kuwa sukan juya ɗaruruwa a kan matashi guda.

Sana'ar matan mahaƙa

Wannan saƙa ba ta cikin sana'o'in da aka gada a ƙasar Hausa ko a Abzin. An haife ta ne a ƙarni na 16 tsakanin Italiya da ƙasar Filanda ta Beljiyam, kuma littafin zanenta na farko da aka sani an buga shi a Venis a 1557. Amma akwai wani abu a tarihinta da ya kamata mutumin Arlit ya tsaya a kansa: wuraren da ta fi kafuwa sun haɗa da garuruwan haƙar ma'adinai.

A duwatsun Erzgebirge, kan iyakar Jamus da ƙasar Cek, garin Annaberg ya tashi ne a kan azurfa a ƙarshen ƙarni na 15. Da azurfar ta fara ja baya, wata mata mai suna Barbara Uthmann, wadda mijinta mai ramukan haƙa ne ya rasu a 1553, ta ɗauki mata kusan 900 aikin saƙar zare suna yi a gidajensu. Har yau sunanta ake ambata idan ana maganar leshin yankin. Yankin nan ne kuma ya ba duniya uraniyom: daga dutsen Johanngeorgenstadt masanin nan Klaproth ya gano shi a 1789, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Wismut ya haƙo wa Tarayyar Sobiyat fiye da tan 200,000 a gabashin Jamus kafin a tsayar da aikin a ƙarshen 1990. An rufe ramukan, amma har gobe ana koyar da saƙar a Annaberg da Schneeberg. Haka abin yake a Idrija ta ƙasar Sulobeniya, garin da ya rayu shekaru 500 a kan haƙar zaiba: matan mahaƙa ne suka riƙe saƙar, an buɗe makarantarta a 1876, an daina haƙa a 1995, makarantar kuwa tana nan, kuma a 2018 UNESCO ta sa leshin ƙasar cikin kayan gadon duniya.

Kamancin a bayyane yake. Cominak ta rufe ramin Akuta ran 31 ga Maris 2021, bayan ta fitar da kusan tan 75,000 na uraniyom tun daga 1978, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Somaïr kuma ta shiga takaddama tsakanin gwamnati da kamfanin Orano, har hukumomin Yamai suka sanar da mayar da ita mallakin ƙasa a watan Yunin 2025. A Assamaka, ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da Aljeriya ta koro a 2024 kaɗai, waɗanda ake saukewa a wurin da ake kira Point Zéro su tako kilomita 15 a ƙasa, da yawansu kuma su yi makonni ko watanni suna zaman jira ba aikin yi. Duk da haka bai kamata a ja misalin Jamus fiye da ƙima ba. Leshi bai taɓa maye gurbin albashin mahaƙi ba. Dillalai ne suka fi cin ribarsa, yara ƙanana sun sha wahalarsa, kuma tun da aka ƙera injinan leshi a Ingila tsakanin 1808 da 1813 farashinsa ya karye. Abin da ya yi wa waɗancan gidaje shi ne ya ƙara kuɗin cefane da jari ɗan kaɗan. Batun jarin nan ne ya kawo maganar matashi.

Soson katifa ba ya yi

Zare yana kasuwa. Allurai suna wurin mai kayan teloli. Mazarai kowane masassaƙi zai fere su daga ice, mai koyo ma tana iya farawa da guntayen fensir. Matashi ne kaɗai ba a samu a kanti, kuma wanda ake sayarwa a Faransa yakan kai Euro 30 zuwa sama, wato kusan jika 20 na sefa kafin kuɗin aikowa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 a wata.

Sunan matashi yana ruɗarwa. Wannan ba abin ɗora kai ba ne, teburin aiki ne, kuma aikinsa ɗaya: ya riƙe allura ƙam. Masaƙiya tana jan zare bayan kowane layi don saƙar ta zauna. Idan allura ta karkata ko da kaɗan ne, zanen ya goce, ramukan leshin su fito wani babba wani ƙarami, kuma ba a gyara wannan sai an warware. Shi ya sa mutanen da suke cusa matashinsu da yankakkiyar ciyawar hatsi ko garin katako, suna dannawa da taɓarya har ya yi tauri kamar ganga. A arewa maso gabashin Barazil da busasshen ganyen ayaba ake cusawa, a yi allura da ƙayar wani irin kyarana na daji.

Wanda ya ji an ce soso, katifa zai fara tunawa, kuma a nan ake yin asarar farko. Soson katifa, komai tsadarsa, an yi shi ne don ya lotsa ya dawo. Allura tana shiga cikinsa ba gardama, tana kuma rawa ba gardama. Ko wanda ƴan katifa ke kira mai ƙarfi ba ya riƙe ta idan aka ja zare.

Na biyu shi ne farin nan mara nauyi mai ƙwayoyi kamar gero, wanda ake tallafe kusurwar firigo da shi, ake kuma yin akwatin ƙanƙara. Yana riƙe allura da farko, kuma ya fi kowanne yawa a bola. Amma kowace huda tana nan yadda aka yi ta, ba ta rufewa. Tun da a tsakiyar matashi ake yawan aiki, bayan ƴan watanni wurin sai ya zama gari, ya yi kwari. Wadda take son ta gwada ko sana'ar za ta karɓe ta tana iya farawa da shi, da sanin cewa na wucin gadi ne. Akwai ɗan'uwansa mai santsi, shuɗi ko kore ko ruwan hoda, wanda magina ke sa wa a bango don tare zafi. Ya fi farin daɗewa nesa, kuma yana yankuwa da kyau, sai dai shi ma a ƙarshe yana gajiya.

Na uku shi ake nema. Soso ne na roba mai suna foliyetilen, fari ko baƙi ko toka-toka, mai ɗan sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma. Ba ya marmashewa, idan aka lanƙwasa shi ba ya karyewa, kuma ba ya shan ruwa. Da shi ake tallafe kayan lantarki masu nauyi da tsada: injin canza wutar sola, batura, kwamfuta, kayan asibiti. Idan aka zare allura daga jikinsa ramin yana komawa ya kusan rufewa, shi ya sa yake yin shekaru. Gwajinsa ba wuya. A danna shi da babban yatsa da ƙarfi: in ya lotsa sosai, a bar shi. A kafa allura har rabinta, a ɗaura zare a ja gefe: in ta tsaya, an samu. In kuma sai an sha wahala kafin allurar ta shiga, kamar robar da ake yanka tafin silifa da ita, to ya yi tauri da yawa, yatsa zai yi ƙanta kafin a gama tsawon taƙi guda.

A Arlit da Akokan akwai wani sharaɗi da babu shi a littattafan Turawa, kuma ya fi duk sauran nauyi: a san inda soson ya fito. Tun 2003 ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan da cibiyar binciken CRIIRAD ta Faransa suka nuna cewa ana sayar da tsofaffin ƙarafa masu tururin uraniyom a kasuwar Arlit, kuma Greenpeace ta sake samun irinsu da ta zo da na'urorinta a watan Nuwamban 2009. Ido ba ya ganin wannan guba, hanci ba ya jin ta, wanki kuma ba ya ba da tabbaci. Matashin leshi abu ne da ake ɗorawa a cinya awa huɗu ko biyar a yini, fuska na sunkuye a kansa, yara na wasa a gefe. Saboda haka duk soso, ko bargo, ko ƙyalle, ko katakon da ya fito daga harabar kamfani ko daga tulin tarkacen da ba a san asalinsa ba, a bar shi inda yake ko da kyauta ne. A je wurin mai sayar da kayan sola ko firigo a karɓi wanda aka ciro daga sabon kwali.

Yadda ake haɗa shi

Wanda ya fi sauƙi ga mai koyo shi ne mai siffar faifai, mai ɗan tudu a tsakiya kamar an kife ƙwarya mara zurfi. Faɗin santimita 40 zuwa 45 ya isa. In ya gaza haka mazarai za su riƙa zubowa ta baki, in ya wuce 55 kuma hannu ba ya kaiwa tsakiya sai da ciwon baya. A kafa ƙusa, a ɗaura igiya da fensir, a zana da'ira a kan siririn falanki irin wanda kafintoci ke rufe bayan kabad da shi, mai kaurin milimita 5, a sa kafinta ya yanke ya goge bakin. In babu falanki, kwali mai kauri ninki uku, a saɓa jijiyoyinsa, yana yi.

Kaurin soson ya kai santimita 5 a tsakiya, domin allurar tela takan kusan santimita 3, kuma ba a so bakinta ya taɓa katako. Da wuya a samu guda ɗaya mai wannan faɗi da kauri. Ba laifi a jera ƙanana, muddin mahaɗarsu ba ta faɗo a tsakiya ba, kuma shimfiɗar sama ta zama guda ɗaya lafiyayya. A yanka shi daidai da falankin da doguwar wuƙa mai kaifi, ana ja ana turawa kamar mai yanka burodi, ba a dannawa. Sannan a bar tsakiya a shafe, faɗin kamar santimita 20, daga nan a riƙa fere gefe a hankali har kaurin baki ya dawo santimita 1 ko 2. Gangaren nan ba ado ba ne: shi ke sa nauyin mazarai ya ja zare ya miƙe da kansa. Na magina yana goguwa da takardar yashi ta kafintoci, foliyetilen kuwa ba ya son guga, sai dai fira, kuma ƙananan tabon wuƙa bargo zai rufe su.

Wajen manne shi ake yawan ɓarna. Kol ɗin masu gyaran takalmi, mai warin esansi, yana narkar da farin soso da na magina nan take, ya bar rami. Su farin kol na kafintoci suke so, a ɗora musu nauyi su kwana. Foliyetilen kuma kusan babu kol ɗin da ke kama shi da kyau, don haka a shafa kaɗan a ƙasa kawai don kada ya zame, rigar da za a sa masa ita za ta riƙe shi. Kada a shafa kol a tsakanin shimfiɗun sama inda allura za ta ratsa, domin in ya bushe yana tauri, in zafi ya taso kuma yana danƙo ya ɓata allura, allura ta ɓata zare.

A kan soson a shimfiɗa tsohon bargon ulu ninki ɗaya ko biyu, wankakke, a ja shi ya lafe ba tattara. Yana rage cin da allura ke yi wa soso, yana kuma kashe ƙarar nan mai sa haƙori tsami. Daga nan sai riga. A samu yadin auduga mara zane, mai duhu, shuɗi ko kore, domin farin zare ya fito sarai ido kuma ya huta. Atamfa mai furanni tana gajiyar da ido, yadin roba kuma santsi gare shi, yana tara zufa. A wanke yadin sau biyu ko uku, a goga farin ƙyalle mai laima a kansa a gani ko yana zuba. Turkuɗi da alasho, duk da darajarsu a Abzin, ba su da wuri a nan: shunin da ke mannewa a goshin mai rawani haka zai manne a farin leshi, kuma ba ya fita. A yanka yadin da'ira wadda ta fi matashin da santimita 10 ta kowane gefe, tela ya yi mata kalmasa kamar ta wando, a zura igiya, a kife matashin a ciki a tsuke ta ƙasa tam. Ranar da ta yi datti a kwance a wanke.

Faifai yana da iyaka guda. Idan ana saƙa dogon bakin mayafi, ana isa gefe sai an zare allurai duka an ɗaga aikin an mayar sama, kuma a nan mai koyo take yawan rikita zare. Maganinsa shi ne matashi mai gunduwa-gunduwa: kafinta ya yi tire mai murabba'i da ɗan baki, a yanka soso gunduwa 9 daidai wa daida, kowace santimita 13 zuwa 15, a yi wa kowace rigarta, a jera su uku-uku su matse juna. In aiki ya sauko ƙasa, sai a cire gunduwar sama da ta zama fanko, a tura sauran gaba, a mayar da ita ƙasa. Ga mai tsintar soso wannan ya ma fi dacewa, tun da ƙananan guntaye sun fi samuwa, kuma in ta tsakiya ta gaji sai a juya ta ko a musanya ta da ta kusurwa. Akwai kuma mai siffar turmi a kwance, irin na Jamus da Idrija, wanda ake cusawa da garin katako a ɗora a kwando. Ana iya yin sa da guntun bututun roba mai faɗi, a naɗe shi da bargo ninki-ninki har kaurin ya wuce tsawon allura. Yana juyawa, don haka tsawon leshi ba ya ƙarewa a kansa.

Zafi, ƙura da kasuwa

Yanayin hamada yana da nasa hukunci. Bushewar iska alheri ce, domin allurar ƙarfe ba ta saurin tsatsa kamar a bakin teku, ko da yake zufar hannu tana sa ta, shi ya sa ba a barin allurai watanni a cikin aiki. Zafi kuwa abokin gaba ne. A watan Mayu da Yuni, lokacin da inuwa ma take wuce digiri 45, matashin da aka bari a cikin rufaffiyar mota ko a ƙarƙashin kwano yana iya lanƙwashewa. Dukkan waɗannan soso suna kama wuta da sauri, hayaƙinsu kuma guba ne, don haka a nisanta su da gawayin shayi. Ƙura ita ce ta uku: kowace masaƙiya tana buƙatar ƙyalle biyu, ɗaya a shimfiɗa ƙarƙashin mazarai don su riƙa zamewa, ɗaya a lulluɓe aikin duka da zarar an tashi, ko da salla za a je a dawo.

Saura tambayar da kowace mace za ta yi: wa zai saya? Aikin yana da jinkiri ƙwarai. Siririn baki mai sauƙin zane ma ƴan santimita ake samu a awa guda, saboda haka wadda ta ce za ta yi gasa da leshin yadi biyar na kasuwa ta ɓata lokacinta. Inda yake da wuri shi ne ƙananan abubuwa da ake biya don aikin hannu ne: bakin mayafin amarya, wuyan riga, hular jariri, adon kayan ɗaki, ko ɗan zane da za a ɗora a kan jakar fata ko matashin fata irin wanda matan maƙera ke yi a Agadas. Masu sayen irin wannan suna taruwa a bikin Cure Salée na Ingal, da bikin Abzin na Iferwan, da baje kolin SAFEM na sana'o'in mata a Yamai. Zanen Turai kuma ba dole ba ne. Salon da ake fara koyo da shi, wanda Faransawa ke kira torchon, an gina shi ne a kan layukan da ke gicciye da siffofi masu kusurwa uku da huɗu, irin waɗanda ke jikin tabarma da kayan fata na yankin, don haka ana iya zana su a takardar lissafi mai gida-gida ta ƴan lakkwal, a manna a kati, a huda. Don gwajin farko zaren kwarashi mai ɗan kauri ya wadatar, da mazarai 12, da allurai kamar 100.